Hoton da Aka Ɗora a Intanet Na Waye? Darasi daga Shari'ar Daniel Morel

Da yammacin Talata, 12 ga Janairun 2010, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7 ta afka wa ƙasar Haiti. Kafin ka ce kwabo, gine-ginen Port-au-Prince, babban birnin ƙasar, sun rufta a kan jama'a. Daniel Morel, ɗan ƙasar da ya shafe shekaru yana sana'ar ɗaukar hoton labarai, yana cikin birnin a lokacin. Da Allah ya tsirar da shi, sai ya rataya kyamararsa ya shiga tituna, ya riƙa ɗaukar mutanen da ake zaƙulowa daga ƙarƙashin ɓaraguzai, fuskokinsu duk ƙura da jini.

A daren ya samu intanet a wani otal, ya ɗora wasu daga cikin hotunan. A wancan lokacin Twitter ba ya karɓar hoto kai tsaye, sai an bi ta wani shafi kamar TwitPic, don haka ta nan ya bi. Ba a jima ba wani mutum a Jamhuriyar Dominika, maƙwabciyar Haiti, ya kwashe hotunan ya zuba a nasa shafin, ya ce shi ya ɗauka. Daga can kamfanin dillancin labaran Faransa, AFP, ya ɗauke su, ya maƙala musu sunan wancan mutumin, ya kuma tura wa abokin hulɗarsa Getty Images, wanda ke sayar wa jaridu da gidajen talabijin hotuna. Gari na wayewa hotunan Morel sun mamaye shafukan farko na jaridu a ƙasashe da dama, da sunan wani daban.

Da Morel ya yi ƙorafi ta bakin lauya, AFP ne ma ya riga shi zuwa kotu a birnin New York a watan Maris na 2010, yana neman alƙali ya bayyana cewa bai yi laifi ba. Hujjarsa ita ce, duk wanda ya ɗora abu a Twitter ya amince da sharuɗɗan shafin, kuma waɗannan sharuɗɗa sun ba kowa damar ɗauka ya yi amfani da shi. A Janairun 2013 mai shari'a Alison Nathan ta yi watsi da wannan hujja. Ta ce sharuɗɗan sun halatta yaɗa saƙo a cikin dandalin, amma ba su ba wani kamfani damar cire hoto daga can ya sayar ba. A Nuwamban shekarar masu taya alƙali yanke hukunci suka samu AFP da Getty da laifin keta haƙƙinsa da gangan, suka sa musu diyyar dala 150,000 a kan kowane hoto daga cikin hotuna takwas, jimilla dala miliyan 1.2. Wasu manyan kafafen da suka buga hotunan tuni suka sasanta da shi a wajen kotu.

"Ai a intanet na gani"

Hujjar da AFP ya kai gaban kotu ita ce dai wadda ake ji kullum a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp na Hausa. Tela a Zariya zai kwana uku yana ɗinki, ya ɗauki hoton rigar ya ɗora a Instagram, mako guda bayan nan ya ga hoton a shafin wani telan a wani gari da lambar wayar wancan a ƙasa. Mai lalle za ta zana wa amarya, wata ta yanke hoton hannun ta riƙa tallata kanta da shi. Matashi zai tsaya cikin rana da ƙura a Hawan Daushe har ya samu hoto guda mai kyau, washegari ya gan shi a allon tallan wani kamfani. In an yi magana sai a ce, "To ai a intanet na gani, kuma kai ka ɗora."

Abin da shari'ar Morel ta tabbatar shi ne, ɗora hoto a bainar jama'a bai fitar da shi daga hannun mai shi ba. Mai shago yakan baje kayansa a bakin titi don a gani, kuma ba wanda zai ce bajewar ta zama kyauta. Bambancin kawai shi ne, kwafar hoto ba ta barin gurbi a kan kanta, shi ya sa mai kwafar ba ya jin ya ɗauki komai.

Abin da dokar Najeriya ta ce

Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wato dokar 2022, wadda tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali tun 1988. Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC, ita ke lura da aiwatar da ita. Dokar ta shafi rubutu, kiɗa da waƙa, zane, hoto, fim, sautin da aka naɗa, da shirye-shiryen rediyo da talabijin. Manhajar kwamfuta da ta waya ma tana ciki, domin doka tana ɗaukar ta a matsayin rubutu.

Abu na farko da ya kamata mai waya ya riƙe shi ne, haƙƙin yana samuwa ne da zarar an ƙirƙiri aikin an adana shi. Ba sai an yi rajista ba, ba sai an sa alamar © ba, ba kuma sai da kyamara mai tsada ba. Hoton da aka ɗauka da Tecno ko Infinix yana da kariya iri ɗaya da wanda aka ɗauka da Canon. Hukumar NCC tana karɓar rajista ta intanet ga wanda ya so, kuma amfaninta shi ne ta zama hujja idan an shiga jayayya.

Na biyu, kariyar tana da wa'adi. Hoto da fim suna da shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da su ga jama'a. Rubutu da waƙa da zane kuwa, kariyarsu tana ci gaba har shekara 70 bayan rasuwar mai su, magada su ci moriya.

Na uku, doka ba ta kare tunani ko dabara, aikin da aka fitar take karewa. Idan wani ya ɗauki Dutsen Dala da faɗuwar rana, kowa ma yana iya hawa wurin ya ɗauki nasa a daidai wannan lokacin. Abin da ba zai iya ba shi ne kwafar hoton na farko.

Akwai kuma haƙƙin suna da mutunci. Ko mai hoto ya sayar da hotonsa, yana da damar a ambaci sunansa, yana kuma da damar hana a jirkita aikin ta hanyar da za ta zubar masa da ƙima.

Kariyar ba ta tsaya a iyakar ƙasa ba. Najeriya ta shiga Yarjejeniyar Berne a 1993, yarjejeniyar da aka ƙulla tun 1886, wadda ta wajabta wa kowace ƙasa da ke ciki ta kare ayyukan 'yan sauran ƙasashen kamar yadda take kare na 'yan ƙasarta. Nijar da Ghana da Kamaru duk suna ciki. Ke nan hoton ɗan Katsina yana da kariya a Maraɗi, haka na ɗan Kumasi a Kano, sai dai kowace ƙasa da tsarin dokarta.

Mai ɗauka, mai waya, da wanda aka ɗauka

Nan ne aka fi samun ruɗani. A wajen doka, mai hoto shi ne wanda ya ɗauka. Mallakar wayar ko fitowa a cikin hoton ba su mayar da mutum mai haƙƙin ba.

Wani lamari mai ban dariya ya fito da wannan fili. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Birtaniya, David Slater, ya je tsibirin Sulawesi na Indonesiya, inda wani biri ya latsa kyamararsa ya ɗauki kansa yana washe baki. Hoton ya zagaya duniya, aka ɗora shi a rumbun Wikimedia a matsayin hoton da ba shi da mai shi. Slater ya ce shi ya shirya komai, amma a 2014 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya bayyana cewa ba ya rajistar aikin da dabba ta yi, sai na ɗan Adam. Wata ƙungiyar kare dabbobi, PETA, ta kai ƙara a madadin birin, a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta ce biri ba shi da hurumin yin ƙara a ƙarƙashin wannan doka. Wannan ƙa'ida ta sai ɗan Adam ita ce ofishin yake amfani da ita yanzu wajen ƙin rajistar hotunan da ƙirƙirarriyar basira ta samar ita kaɗai.

To yaya hoton biki ko na suna? Idan ango ya ɗauko mai hoto ya biya shi, kuma ba su rubuta wata yarjejeniya ba, haƙƙin mallaka yana nan wajen mai hoton. Sai dai dokar 2022 ta kula da wanda ya ba da aikin don amfanin kansa da iyalinsa: yana da izinin amfani da hotunan matuƙar ba don kasuwanci ba ne, kuma yana da damar hana mai hoton wallafa su ko baje su ga jama'a. Wannan yana da muhimmanci a wajenmu, inda gidaje da yawa ba sa son hoton amarya ko na matan gida ya fita. Mai hoton da ya zuba hotunan bikin mutane a Instagram don talla ba tare da ya tambaya ba, yana iya jawo wa kansa ƙara, ko da shi ne mai haƙƙin mallakar.

Idan kuma ana so haƙƙin ya koma hannun wanda ya biya ɗungurungum, doka ta ce sai a rubuce. Maganar baki tana iya ba da izinin amfani, amma ba ta sayar da haƙƙin.

Shin Facebook ya mallaki hoton da aka ɗora?

A'a. Sharuɗɗan Facebook da Instagram sun faɗa ƙarara cewa abin da mutum ya ɗora nasa ne. Abin da yake ba su shi ne lasisi: izinin adanawa, nunawa, da rarrabawa a duk duniya ba tare da sun biya shi ba, wanda kuma za su iya miƙa wa abokan hulɗarsu. Ba don wannan izinin ba, da manhajar ba za ta iya nuna wa abokansa hoton ba ma.

Wannan lasisin na kamfanin ne, bai shafi sauran masu amfani da dandalin ba. Wanda ya latsa maɓallin rabawa da ke cikin manhajar yana cikin tsarin da mai hoto ya amince da shi, domin sunan mai shi yana biye da hoton. Wanda ya sauke hoton ko ya yi masa sikirinshot, ya sake ɗorawa a matsayin sabon abu a shafinsa, ya yi kwafi ne, kuma kwafi yana buƙatar izini.

Rubuta "an kwafo" ko "haƙƙin mallaka na mai shi ne" a ƙasan hoto ba ya wanke kowa. Ambaton suna ladabi ne kuma haƙƙi ne, amma ba ya tsayawa a madadin izini. Haka nan cewa "ban samu ko sisi da shi ba" tana iya rage diyya, amma ba ta goge laifin.

Doka ta bar ƙofa ga abin da ake kira amfani na adalci, kamar nazari, bincike da ba na kasuwanci ba, sharhi, suka, barkwanci, da rahoton abin da ke faruwa, tare da ambaton mai aikin idan an fito da shi ga jama'a. Kotu tana duba manufar amfanin, yawan abin da aka ɗiba, da ko ya kashe wa mai shi kasuwa. Ɗaukar daƙiƙa kaɗan daga fim don yin sharhi a kai daban yake da ɗora fim ɗin sukutum a YouTube, matsalar da masu shirya finafinan Kannywood suka daɗe suna kuka da ita tun zamanin faifan CD.

Hujja tana cikin wayar

Samun haƙƙi abu ɗaya ne, tabbatar da shi kuma sai da hujja. Abin farin ciki, wayar da ta ɗauki hoton ita ke ajiye mafi yawan hujjar.

Kowane hoto yana fitowa da wasu bayanai a ɓoye a jikinsa da ake kira EXIF: samfurin wayar, rana da lokacin ɗauka, saitin kyamara, wani lokaci har da wurin da aka tsaya idan GPS a kunne yake. Ana ganin su ta buɗe hoton a ma'ajiyar hotuna a latsa bayani. Idan aka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi ta rage girmansa, ta kuma goge waɗannan bayanai. Facebook da Instagram ma suna cire yawancinsu. Saboda haka wanda ya kwafa daga can yana riƙe ne da ƙaramin hoto maras tarihi, mai shi kuma yana da cikakken fayil.

Don haka kuskure mafi girma shi ne goge asalin hoto bayan an ɗora, don a samu fili a waya. Mai sana'a ya ajiye asalin a Google Photos ko Google Drive ko wata ma'ajiya ta waje. Ya kuma ajiye sauran hotunan da ya ɗauka kafin wannan da bayansa, ko da ba su yi kyau ba. Ɓarawo yana da hoto ɗaya, mai shi yana da goma a jere, kuma wannan jerin hujja ce mai wuyar ƙaryatawa. Wanda wayarsa ke ɗaukar RAW a sashen ƙwararru na kyamara, wannan fayil ɗin ya fi kowanne ƙarfi.

Tura hoto a matsayin fayil ta WhatsApp yana barin ingancinsa da bayanansa yadda suke. Wannan ya dace da abokin cinikin da ya riga ya biya. Ga wanda bai biya ba, a tura masa ƙarami mai tambari. A kuma tuna cewa cikakken fayil yana iya ɗauke da wurin da aka ɗauki hoton, wanda wataƙila gidan mutum ne.

Tambarin suna a jikin hoto yana taimakawa, musamman idan an sa shi inda yankewa za ta ɓata hoton. Manhajoji irin su Snapseed da Canva suna yin wannan kyauta. Gaskiya ne akwai manhajojin da ke goge tambari cikin daƙiƙa, amma dokar 2022 ta haramta cire ko sauya bayanan da ke nuna mai aiki, don haka wanda ya goge ya ƙara wa kansa laifi a kan laifi.

Sai yarjejeniya. Ba lallai ta zama doguwar takardar lauya ba. Kafin a fara aiki, a rubuta hotuna nawa ne, nawa za a biya, ina za a yi amfani da su, har zuwa yaushe, da ko mai hoto zai iya sa su a shafinsa. Hoton da za a sa a shafin shago na wata ɗaya ba farashinsa ɗaya da wanda za a buga a allon talla a faɗin jiha ba.

Idan an riga an ɗauka

Google Lens da TinEye suna iya nemo wasu wuraren da hoto ya bayyana a intanet, duk da ba sa ganin abin da ke cikin WhatsApp ko shafukan da aka kulle. Wanda ya ga aikinsa a wani wuri, kada ya fara da zagi a sashen tsokaci, domin hakan yana ba wancan damar gogewa ya musanta. Ya fara ɗaukar sikirinshot da ke nuna sunan shafin da kwanan wata, ya kwafi adireshin wurin ya ajiye.

Daga nan ya aika saƙo cikin mutunci, ya faɗi abin da yake so: a cire, ko a sa suna, ko a biya. Mutane da yawa rashin sani ne ya sa su, kuma magana ɗaya takan wadatar. Idan aka ƙi, Facebook, Instagram, TikTok da YouTube duk suna da fom na musamman na ƙorafin haƙƙin mallaka, wanda ya sha bamban da maɓallin kai ƙara na yau da kullum. Mai haƙƙin ne ko wakilinsa ke cike shi, ba taron abokai ba. Ya sani cewa galibi za a sanar da wanda ake ƙara sunan mai ƙorafin, kuma ƙorafin ƙarya yana iya juyowa kan mai shi. A YouTube, tashar da ta tara gargaɗin haƙƙin mallaka uku tana fuskantar rufewa gaba ɗaya. Sabuwar dokar Najeriya ma ta tanadi irin wannan tsari na aika sanarwa ga mai dandali domin ya sauke abin da aka sata.

Idan kuɗin da ke ciki mai yawa ne, kamar kamfani ya yi talla da hoton, lokacin ganin lauya ya yi. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin waɗannan ƙararraki, kuma tana iya ba da umarnin a daina amfani da aikin, a biya diyya, ko a miƙa ribar da aka samu. Adadin da Morel ya samu dokar Amurka ce ta ƙayyade shi, don haka kada wani ya sa rai da dala 150,000 a kan hoto guda a nan. Shi kansa sai da ya yi kusan shekara huɗu yana shari'a kafin ya kai ga hukunci.

Mai buƙatar hoto fa?

Yawancin masu kukan an sace musu hoto su ma sun taɓa sauke na wani daga Google sun sa a fosta. Google manemi ne kawai, hotunan da yake nunawa suna da masu su. Mai haɗa fosta ko bidiyo yana da hanyoyi na halak: Unsplash, Pexels da Pixabay suna ba da hotuna kyauta bisa sharuɗɗansu, Wikimedia Commons kuma yana da hotuna da yawa na garuruwan ƙasar Hausa. Yawancin na Wikimedia suna ƙarƙashin lasisin Creative Commons ne, wanda ke nufin mai hoton ya riga ya ba da izini bisa sharaɗi. Alamar BY tana nufin dole a ambaci sunansa, NC tana nufin ban da kasuwanci, SA kuma tana nufin duk abin da aka haɗa da shi a sake shi bisa lasisi iri ɗaya. Karya sharaɗin yana soke izinin.

Hanya mafi sauƙi kuma ita ce tambaya. Matashin da ya ɗauki hoton Hawan Daushe yana da akwatin saƙo a shafinsa, kuma da wuya ya hana wanda ya ce masa, "Malam, hotonka ya burge ni, zan iya sa shi a fostata da sunanka?" Idan don talla ne, a tambaye shi farashi. Amsar da zai bayar a rubuce ita ce izinin, sai a ɗauki sikirinshot ɗinta a ajiye tare da hoton.